Tambaya da amsa: Kafin a sayi maganin tsiro don kwantar da kumburi

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan kwanakin nan sun fi karkata ga abu guda, wato kafso da gari da mai da ake haɗawa daga tsirrai, ana tallata su da cewa suna kwantar da kumburi ko suna gyara garkuwar jiki. Na zaɓo wasu daga ciki na taƙaita su, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko domin amsarta ce ta ɗauki nauyin sauran. Abin da ke nan shawara ce a kan saye da zaɓi, ba ta maye gurbin likitan da ya duba mutum ido da ido.

Tambaya daga wani malamin makaranta: "Na ga tallar wani kafso a intanet, masu shi sun rubuta cewa binciken kimiyya ya tabbatar ganyen da ke ciki yana rage kumburi a ƙwayoyin garkuwar jiki, har sun liƙa hoton takardar binciken. Ni kuwa gwiwata ta daɗe tana damuna. Tunda kimiyya ta tabbatar, in saya?"

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba mamaki takardar da suka liƙa ta gaskiya ce, kuma abin da ta faɗa haka yake, sai dai tambayar da ta amsa daban take da wadda kake yi. Ita ta faɗi abin da ya faru da wasu ƙwayoyin halitta a cikin faranti, kai kuwa kana tambayar abin da zai faru da gwiwarka, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Kumburi shi kansa aikin kariya ne. Idan ƙaya ta soki mutum ko ƙwayar cuta ta shiga jikinsa, hanyoyin jinin wurin sukan buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su kwararo, shi ya sa wurin yake yin ja, ya ɗau zafi, ya tasa, ya riƙa zogi. Cikin ƙwayoyin da ke jagorantar wannan aiki akwai wadda ake kira makrofaj, mai haɗiye ƙwayoyin cuta, mai kuma fitar da sinadaran kiran agaji irin su TNF da IL-6 da naitirik oksaid. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Ilya Mechnikov, shi ya fara bayyana aikin irin waɗannan ƙwayoyi bayan gwajin da ya yi a Messina ta Italiya a 1882, inda ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, washegari ya tarar ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Matsala tana farawa ne idan kumburin ya ƙi kwanciya bayan aikinsa ya ƙare, ko ya juya kan jikin mai shi, kamar yadda ake gani a amosanin gaɓɓai nau'in rumatoyid da wasu cututtukan hanji.

Galibin takardun da masu talla ke kafa hujja da su hanya ɗaya suka bi. Ana ɗauko makrofaj ta ɓera da ake kira RAW 264.7, wadda asalinta daga ƙarin cutar daji aka ciro ta a jikin wani ɓera a shekarun 1970, ake ta renon zuriyarta a ɗakunan gwaji na duniya har yau. A zuba ƙwayoyin a farantin roba mai ƙananan ramuka 96, a ɗiga musu ruwan da aka tato daga tsiron, sannan a tsokane su da LPS, wani sinadari da ke jikin bangon bakteriya irin su E. coli, wanda makrofaj ke ɗauka a matsayin alamar cewa maƙiyi ya shigo. Farantin ya kwana a akwatin ɗumi mai digiri 37. Washegari a ɗebi ruwan da ke saman ƙwayoyin a haɗa shi da sinadarin Griess: idan sun fitar da naitirik oksaid da yawa, ruwan ya rikiɗe ya zama ruwan hoda mai duhu, idan kuwa kaɗan suka fitar, launin ya fito a koɗe. Wannan koɗewar launi a ramin faranti ita ce sau da yawa ake fassara wa mai saye da cewa tsiro "yana rage kumburi".

Abin da mai lura zai fara tambaya shi ne ko ƙwayoyin suna raye, domin mai gadin da ya mutu ba ya busa usur, kuma ruwan tsiron da ya kashe makrofaj zai sa launin ya koɗe daidai da wanda ya kwantar da ita. Masu bincike na ƙwarai sukan haɗa da gwajin da ke nuna ƙwayoyin ba su mutu ba, amma talla ba ta damu da wannan shafin ba. Sannan akwai batun yawa. A faranti ƙwayoyin suna jiƙe tsamo-tsamo cikin sinadarin na tsawon yini da dare, alhali abin da mutum ya haɗiya sai ya bi ta ruwan ciki, ya ratsa bangon hanji, ya wuce ta hanta wadda aikinta ke nan ta sauya baƙon sinadari ta tura shi waje, abin da ya rage kuma ya watsu cikin jinin jiki duka kafin ɗan ƙanƙani ya isa gwiwa. Ga shi kuma makrofaj ta mutum ba ta fitar da naitirik oksaid da yawa irin ta ɓera idan an tsokane ta da LPS a faranti, ke nan ma'aunin da aka fi dogara da shi ya fi bayyana halin ɓera.

Hanyar tatar ma tana da tasiri fiye da yadda ake zato. A ɗakin gwaji akan tato sinadaran da metanol ko etanol, abin da suke fitarwa kuwa ya bambanta da abin da ruwan zafi ke fitarwa, ya kuma bambanta da garin ganye da aka cusa a kafso. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015, ba ta samu maganin zazzaɓin cizon sauro mai ƙarfi daga tsiron Artemisia annua ba sai da ta bar tafasawa ta koma tatar sa da sinadarin da ake kira "ether" a ƙaramin zafi. Tsiro ɗaya ne, sakamako biyu.

Duk wannan ba raina tsirrai ba ne, domin wasu manyan magungunan kumburi daga gare su suka fito. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton amfanin ɓawon itacen wilo ga masu zazzaɓi, a 1828 aka ware sinadarin salisin daga ɓawon a Jamus, a 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa asfirin, amma sai 1971 John Vane ya gano cewa yana aiki ne ta hana jiki haɗa sinadarin furostagilandin mai jawo kumburi da zogi. Kolcisin da ake bai wa masu ciwon gaɓa nau'in gawut shi ma daga furen Colchicum autumnale yake. Gwajin faranti mataki ne halastacce a irin wannan doguwar hanya, amma matakin farko ne, kuma ko magungunan da suka tsallake shi suka tsallake gwajin dabbobi har aka fara gwada su a jikin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kai labari.

Saboda haka kada ka saya a kan wannan takarda kaɗai, cinikin biri a sama ke nan. Ka tambayi mai sayarwa ko an gwada wannan haɗi nasa a jikin masu ciwon gwiwa, mutum nawa, tsawon wane lokaci, kuma an kwatanta shi da ƙwayar bogi wadda ba magani a cikinta ko kuwa. Kafin ya kawo amsa, atisayen ƙarfafa tsokar cinya, da rage ƙiba ga mai ita, da man shafawa na diklofenak, duk suna da hujja a jikin mutane fiye da abin da aka nuna maka.

Tambaya daga wata baiwar Allah: "Mahaifiyata tana fama da sanyin gwiwa, an ba mu shawarar kurkur. Na ga garinsa, na ga kafson kurkumin, na kuma ga wani da aka haɗa da baƙin barkono wanda ya fi tsada, ana cewa ya fi shiga jiki. Wanne zan saya mata?"

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri. Kurkur yana cikin 'yan tsirarun tsirran da aka gwada a jikin mutane sosai, don haka ana iya magana a kansa da hujja. Sinadarin da ake nema a cikinsa, wato kurkumin, bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na nauyin garin ba, kuma ko wannan ɗan kaɗan ɗin hanji ba ya tsotsar sa da kyau, abin da ya shiga kuma hanta takan sauya shi nan da nan. Garin ba shi da laifi a matsayin kayan ƙamshi, amma ba a sa ran ya yi aikin magani.

Shi kuwa tataccen kurkur an gwada shi a ƙasar Tailan, a wani bincike da aka buga a 2014, inda mutum 367 masu sanyin gwiwa suka kasu biyu, wasu suka sha miligiram 1,500 na tataccen a rana, wasu miligiram 1,200 na ibufurofen, tsawon mako huɗu, aka ga sauƙin da suka samu ya yi kusan daidai, masu shan kurkur kuma sun fi ƙarancin ciwon ciki. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Tasmaniya a ƙasar Ostareliya, da aka buga a 2020, mai mutum 70 da tsawon mako 12. Masu shan kurkur sun samu ɗan sauƙin ciwo fiye da masu shan ƙwayar bogi, amma da aka ɗauki hoton gwiwoyinsu da na'urar MRI, ruwan kumburin da ke cikin gaɓar bai ragu ba. Ke nan abin da za a iya sa rai shi ne matsakaicin sauƙin ciwo, ba gyaran gwiwa ba. A 2017 ma wasu masana harhaɗa magunguna a Amurka sun yi gargaɗin cewa kurkumin sinadari ne mai saurin lalacewa, mai kuma rikita na'urorin gwaji har ya nuna kamar yana aiki a inda ba ya yi, abin da ya sa ake ɗaukar tarin sakamakonsa na faranti da taka-tsantsan.

Batun baƙin barkono yana da tushe. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Bangalore ta Indiya a 1998 ya nuna cewa miligiram 20 na fiferin, sinadarin da ke cikin baƙin barkono, ya ninka kurkumin da ke shiga jini kusan sau 20. Sai dai fiferin yana yin haka ne ta rage saurin aikin hanta da hanji wajen fitar da baƙin sinadarai, kuma ta waɗannan hanyoyi ne wasu magungunan asibiti da yawa suke fita, don haka dattijuwar da ke shan maganin hawan jini ko na sukari ko na farfaɗiya tana iya samun kanta da magani a jini fiye da yadda likita ya tsara. Ga kuma batun hantar kanta. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun janye wasu kafson kurkur bayan an samu mutane da dama da ciwon hanta. A Amurka, cibiyar da ke tattara rahoton cutar hanta ta dalilin magani ta bayyana mutum 10 da kurkur ya taɓa wa hanta, biyar an kwantar da su, ɗaya ya rasu, bakwai daga cikinsu kuma suna ɗauke da wani nau'in gado guda a jininsu, wanda ba wanda ya san yana da shi sai an gwada. A 2023 hukumar magunguna ta Ostareliya ita ma ta fitar da gargaɗi. Abin ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi fitowa a haɗin da aka ƙara wa ƙarfin shiga jiki, wato wanda ya fi tsada.

Ko garin ma a duba inda ya fito, domin masu bincike daga Jami'ar Stanford sun nuna a 2019 cewa a Bangaladash ana goga wa saiwar kurkur wani fenti mai ɗauke da dalma don launinta ya ƙara haske.

Da ni ce, ko kuwa in ce da tawa mahaifiyar ce, tataccen da ba a haɗa da fiferin ba zan zaɓa, bayan likitanta ya ga jerin magungunanta ya amince. A gwada shi mako 8 zuwa 12, in ba a ga bambanci a tafiyarta da tashinta ba a daina. Ba a ba wa mai shan wafarin ko wani maganin tsinka jini, ko mai tsakuwa a matsarmama, ko wadda za a yi wa tiyata. In idonta ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko jiki ya kama ƙaiƙayi da tashin zuciya, a tsayar da shi a ranar a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Tambaya daga wani dattijo: "Wani abokina ya kawo mini ƙwayoyi da aka rubuta ganye ne zalla. Cikin kwana biyu ciwon gaɓoɓina ya tafi, cin abincina ya buɗe, har fuskata ta ciko. Watanni ke nan ina sha. Ina so in sayi kwali da yawa in ajiye, me kuka gani?"

Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Kada ku ƙara ko kwali ɗaya, kuma, wannan shi ne mafi muhimmanci, kada ku daina shan wanda ke hannunku farat ɗaya sai kun ga likita, cikin makon nan in da hali. Abubuwa ukun da kuka lissafa a matsayin alheri, wato saurin sauƙi da buɗewar ci da cikowar fuska, su ne alamun da aka fi sanin magungunan sitiroyid da su, irin su deksametazon. Tataccen kurkur da citta da lubban, a gwaje-gwajen da aka yi musu, makonni suke ɗauka kafin a ji ɗan bambanci. Ganyen da ya kawar da ciwon shekaru cikin kwana biyu abin tuhuma ne.

Wannan algus sananne ne. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2012 a kan Reumofan Plus, wanda ake sayarwa a matsayin haɗin tsirrai, bayan an samu diklofenak da deksametazon a cikinsa, a 2022 kuma ta sake yin irin wannan gargaɗi a kan Artri King. Sitiroyid da aka daɗe ana sha yana ɗaga sukari da hawan jini, yana zaizaye ƙashi, yana sa yanar ido, yana kuma raunana garkuwar jiki har ƙaramin ciwo ya zama babba. Diklofenak na ɓoye kuwa yana iya jawo gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda, musamman ga wanda bai sani ba yake ƙara wani maganin ciwo a kai. Dalilin da ya sa na ce kada ku tsaya farat ɗaya shi ne, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda su ke samar wa jiki sinadarin kotisol, idan kuma suka daɗe suna ganin irinsa yana shigowa daga waje sai su rage aiki, in aka yanke musu kwatsam jini yana iya faɗuwa har a rasa rai. Likita ne zai riƙa rage shi sannu a hankali, ya auna sukari da jini da ƙoda.

Ba magungunan asibiti kaɗai ake tsinta a irin waɗannan kwalabe ba. Wani bincike da aka buga a 2004 ya auna magungunan gargajiyar Indiya guda 70 da aka saya a yankin Boston, ya samu dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. A farkon shekarun 1990 kuwa, a birnin Brussels na Beljiyam, an musanya wani tsiron Sin da wani mai suna Aristolochia fangchi a haɗin rage ƙiba, fiye da mutum 100, galibi mata, ƙodarsu ta lalace, da dama daga baya suka kamu da dajin mafitsara da hanyoyin fitsari. Ku tafi da kwalin da ragowar ƙwayoyin, ku kuma sanar da abokin naku, domin da wuya a ce shi ba ya sha.

Tambaya daga wani ɗalibi: "Wata kwalba ta ce tana ƙarfafa garkuwar jiki, wata ta ce tana kwantar da kumburi, wata ma ta haɗa duka biyun. Lafiyata ƙalau, rigakafi nake so. Wacce ta fi?"

Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. A faranti, abin da ake kira ƙarfafa garkuwa shi ne a ga makrofaj ta ƙara fitar da TNF da naitirik oksaid, abin da ake kira kwantar da kumburi kuma shi ne a ga ta rage su, don haka kwalbar da ta yi alƙawarin biyun tana da bayanin da ya kamata ta yi. Wani abin mamaki ma, masu bincike a Jami'ar Mississippi sun nuna a 2008 cewa mafi yawan tashin da makrofaj ke yi idan an zuba mata ruwan tsirrai irin su Echinacea ya samo asali ne daga ɓurɓushin bakteriyar da ke zaune a jikin tsiron.

Kwantar da kumburi na gaske kuwa yana da farashi a jiki. Bayan an fara amfani da allurar infiliksimab mai toshe TNF, wani rahoto na 2001 ya tattara mutum 70 da tarin fuka ya taso musu, shi ya sa yanzu ake gwajin tarin kafin a fara ba da ita. A ɓangaren tsirrai ma haka ne. Tataccen saiwar Tripterygium wilfordii ta ƙasar Sin ya fi maganin salfasalazin tasiri a wani gwaji na mutum 121 masu rumatoyid da aka buga a 2009, amma tsiro ne da aka san yana tsayar da al'adar mata, yana rage ƙwayoyin haihuwar maza, yana kuma iya taɓa hanta da ƙoda. Mai lafiya ba shi da abin da zai kwantar. In kana zargin akwai kumburi a ɓoye, gwajin jini na CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan IL-6 ya yi yawa, zai ba likita abin dubawa.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya: "Me ake nufi da 10:1 ko kashi 95 da nake gani a jikin kwalabe? Kuma wane tambari ne abin dogaro?"

Malama, 10:1 yana nufin an tace kilo 10 na busasshen tsiro aka samu kilo 1 na tatacce, bai faɗi ko nawa ne sinadarin da ake nema ya rage a ciki ba. Da shi ake yin wata dabara, a zuba miligiram 500 na tataccen a kafso, a rubuta 5,000 da manyan lambobi a gaban kwalba. Wanda ya fi amfani shi ne adadin sinadarin kansa, kamar kashi 95 na dangin kurkumin, ko adadin asid ɗin boswelik a tataccen lubban na itacen Boswellia serrata, ko taimokwinon a man habbatus sauda, wanda yawansa ke bambanta ƙwarai daga wani mai zuwa wani. Kwalba ta gari takan faɗi cikakken sunan tsiron na kimiyya, da sashen da aka yi amfani da shi, saiwa ko ganye ko ɓawo, da abin da aka tace da shi, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa. Wadda ta jera tsirrai goma sha a ƙarƙashin "haɗi na musamman" da jimillar nauyi ɗaya kacal, a bar ta a kan kanta.

Yawan lamba kuma ba shi ne alheri ba. Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa shan miligiram 800 ko fiye na EGCG a rana, sinadarin da ke cikin tataccen koren shayi, yana da alaƙa da alamun rauni a hanta, alhali shayin da ake sha a kofi bai nuna wannan matsala ba.

Game da tambari, a san iyakarsa. Dokar Amurka ta 1994 ta ba da damar sayar da irin waɗannan kaya ba tare da an fara tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba. Tambarin USP ko NSF, cibiyoyin gwajin inganci masu zaman kansu na Amurka, yana shaida cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki kuma ba gurɓatacce ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2004, da tambarin THR na rajistar magungunan gargajiya a Birtaniya, suna neman shaidar inganci da ta amfani na shekara 30, 15 daga ciki a Turai. Babu ɗaya cikinsu da ke cewa maganin yana warkarwa. Lambar rajista ta hukumar magunguna ta kowace ƙasa ma a tabbatar da ita a shafin hukumar, domin buga lamba a takarda ba ya da wuya. Shaidar waɗanda suka sha suka yaba kuwa, a auna ta da gwajin citta na 2001 a Amurka, mai mutum 261 masu sanyin gwiwa: kashi 63 cikin 100 na masu shan tataccen sun samu sauƙi, amma kashi 50 na masu shan ƙwayar bogi su ma sun ce sun samu.

Tambaya daga wata uwargida: "Ina da rumatoyid, ina shan metotireksat sau ɗaya a mako, yana sa ni tashin zuciya. Ina so in bar shi in koma kafson lubban da kurkur."

Hajiya, Allah ya yaye miki, amma kada ki bar shi. A rumatoyid garkuwar jiki ce take cin gaɓa, kuma ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa, ɓarnar takan fi sauri a shekarun farko, wani lokaci ma alhali ciwo ya lafa. Metotireksat yana rage wannan zaizaya, an gani a hoton ƙashi, lubban da kurkur kuwa ba a nuna suna yin haka ba. Ƙara su a kai ma sai da sanin likita, domin metotireksat da kansa yana wahalar da hanta, ga abin da na faɗa a sama game da kurkur. Haɗuwar tsiro da maganin garkuwa ta taɓa yin mummunar illa: a 2000 likitoci a Zurich ta Suwizalan sun ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin zuciyar bayan sun sha tsiron Hypericum perforatum, wanda ya sa hanta ta riƙa fitar da maganinsu na saikulosforin, mai hana jiki ƙin sabuwar zuciyar, da sauri. Wannan tsiro yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau ma.

Tashin zuciyar da ke damun ki yana da hanyoyin gyara da likitanki ya sani: ana ƙara folik asid a ranakun da ba na maganin ba, ana mayar da shan zuwa dare, ana komawa allura a maimakon ƙwaya, ko a sauya magani gaba ɗaya. In bayan haka kina son gwada lubban don rage zogi, ki kai masa kwalbar ya rubuta ta a katinki, a auna hanta kafin ki fara da kuma bayan 'yan makonni, kuma ki fara da abu ɗaya tak, domin in kin haɗa biyu wani abu ya taso ba za a san wanne ya jawo shi ba.